Ranar da Kwamfutar Malam Ta Sauya Yare

Jikarmu ba ta jin Hausa, ba ta jin Turanci. Babban ɗanmu ya yi aure a ƙasar da yake aiki. Yana fita da sassafe, kafin ya dawo yarinya ta yi barci, don haka da yaren uwarta kaɗai ta buɗe baki. Duk ƙarshen mako idan suka kira mu ta bidiyo, ni ina samun murmushi, domin na iya murguɗa baki da kaɗa kunnen kyanwarmu a gaban kyamara. Malam kuwa, mijina, da zarar ya cika allon da fuskarsa ya ce ta zo ta gai da kakanta, sai ta sulale bayan kujera. Yakan yi dariya ya ce ai yarinya ce. Amma ana kashe wayar zai fita lambu ya yi ta ɗura wa tumatir ruwan da bai nema ba.

Wata safiya na shiga ɗakin karatunsa in duba shafin hasashen yanayi a kwamfutarsa kafin in yi shanya. Na tarar da shafin ya rikiɗe. Hoton rana yana nan, hoton girgije yana nan, amma rubutun wasu haruffa ne masu hula da jela, ko kalma ɗaya ban tsinta ba. Na tambayi Malam. Ko kai bai ɗaga daga jarida ba, ya ce kayan zamani ne, wa ya san musu. Wannan fa mutumin da idan rediyo ya yi shaƙuwa sai ya kwance shi a kan teburin cin abinci.

Da rana Auta ta biyo daga asibitin da take aiki, na nuna mata. Ta ce wannan ai kowa ya sani, shafukan intanet ƙasar da kake suke dubawa su ba ka yarenta. Na ce to, gidan namu aka ɗaga aka kai wata ƙasa muna barci? Ta ce wataƙila layin intanet ɗinmu ne ya ruɗa su. Na ɗauko wayata, wadda ke kan layin nan ɗaya, na buɗe shafin nan ɗaya, na ajiye ta gefen kwamfutar. Tawa Turanci, tasa haruffa masu jela. Ɗaki ɗaya, tebur ɗaya.

Auta ta dubi wannan, ta dubi wancan, sannan ta ce cuta ce ta kama kwamfutar. Na lura duk abin da ya gagari 'yan zamani bayani, cuta suke ce masa. Ta fara naɗe wayar caji za ta kai wa mai gyara, sai ga Malam a bakin ƙofa kamar an jefo shi. Ya ce hotunan lambunsa suna ciki, ba mai taɓa masa. Auta ta ce ba za su ɓata ba. Ya ce a bar masa kayarsa, shi bai kai ƙara wurin kowa ba.

Na bar maganar, amma na sa ido. Bayan 'yan kwanaki, da yamma, na zagaya baya in kwashe shanya. Na hango shi tsugune a gindin lemo, kyanwa a gabansa, yana nuna mata sama yana maimaita wata kalma. Rubutun yaren surukata ban taɓa gani ba, amma waƙar maganarta na san ta, yadda take ɗaga ƙarshen kalma kamar mai tambaya. Ita ce a bakin Malam, ta ɗan sha wuya dai a hanya.

"Malam, kyanwar ta gane kuwa?"

Ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa. "Malama, ke ba a ɓoye miki abu a zauna lafiya?"

Nan ya fasa ƙwai. Surukarmu ce ta koya masa. Ta ce masa duk lokacin da kwamfuta ta ƙwanƙwasa ƙofar wani shafi, takan gabatar da kanta, ta faɗi yaren da mai ita ya fi so, da wanda ke bi masa idan babu na farko. Shi ne ya shiga saiti ya ɗora nata yaren a sama. Wasu shafukan sun yi biris da shi. Akwai masu duba ƙasa, yadda Auta ta ce, shafin jaridarsa kuma ya riƙe Turancin da ya taɓa zaɓa, ya ƙi sakewa. Na yanayi ne ya yi masa biyayya. Kullum hoto ga kalma a gefensa, kullum abu ɗaya ake juyawa, surukar kuma tana turo masa muryarta yana bi. Ya ɓoye ne don kada ya kasa mu sa shi gaba.

Na tambaye shi ko ya iya gaisuwa. Ya ce ya gwada, ba ta zama masa a ka. Kiran yarinyar fa, ya iya cewa zo nan? Bai iya ba. Abin da ya iya: rana, girgije, yayyafi, iska daga gabas. Na ce ni ban taɓa jin an shawo kan yaro da iska daga gabas ba. Ya ce ni ma da kunnen kyanwa nake cin abinci, kada in cika baki.

Ƙarshen mako ya zo. Ya sa sabuwar riga, ya taje gemu, ya zauna tun kafin wayar ta yi ƙara. Aka gaisa, na yi nawa wasan. Da ya matso, yarinya ta sulale bayan kujera yadda ta saba, gashinta kawai muke hange. Malam ya gyara murya, ya nutsu kamar mai karanta labarai, ya sanar da bayan kujerar nan cewa yau akwai girgije, ana sa ran yayyafi da yamma.

Ɗanmu ya buɗe baki. Surukar ta toshe nata da hannu. Daga bayan kujera ido biyu suka leƙo.

Ya sake faɗa. Yarinya ta fito, ta matso har hancinta ya kusa taɓa allon, ta girgiza kai da ƙarfi, ta faɗi kalma ɗaya. Wannan Malam ya san ta: rana. Ya ce girgije. Ta ce rana, har da buga ƙafa. Sai ta fizge wayar daga hannun ubanta. Muka ga rufin ɗaki, muka ga labule, sannan muka ga tagarsu, rana tar a kan rufin maƙwabta. Malam ya sunkuci tamu wayar, ya fita tsakar lambu da takalmi ƙafa ɗaya, ya ɗaga ta sama don yarinyar ta ga namu girgijen da idonta.

Na bi shi ina cewa ya kawo in yi wa ɗana sallama, ban gama magana da shi ba. Ya ɗaga mini hannu ba tare da ya juyo ba.

"Malama, ki ɗan dakata mana. Muna magana."