Mai Aro Ba Ya Dasa Itace

Mas'udu yana durƙushe yana zuba taki a cikin tassa sa'ad da ya ji ƙugin babur na hawowa tudu. Bai ɗaga kai ba. Bayansa ba ya son gaggawa, kuma duk ƙauyen nan na gefen Badagishiri mutum ɗaya ne ke da babur mai tari kamar tsohon jaki: Abdoulaye, mai gonar.

Mai gonar dai, in ji baki. Lokacin da Abdoulaye ya ba shi aron wurin, fako ne fetal, ko akuya ba ta tsayawa. Har dariya aka yi a bakin masallaci, aka ce an ba Mas'udu aron faranti ya noma. Shi ya fasa ƙasar nan da diga, rami bayan rami, ƙananan ramukan nan da ake kira tassa, masu tare ruwan sama da taki. Matarsa Raihanatu ta yi ta dakon kashin awaki har gashin tsakar kanta ya zube. Da kututturan da ake zaton sun mutu suka fara tofo, bai ƙone su ba yadda iyaye ke yi. Sassaben zamani ya yi musu, ya rage rassa, ya bar masu ƙarfi. Yau ga kalgo, ga sabara, ga magarya, ga wata aduwa da ta fi shi tsawo nesa ba kusa ba. Gero na yi. Hatta zabin daji, waɗanda rabon da a gan su tun Mas'udu na saurayi, sun dawo suna kiwo a gindin magarya, kuma ya sha cacar baki da masu tarko a kansu.

Abdoulaye ya jingine babur a inuwar aduwa, ya zauna. Suka gaisa, suka tambayi iyali, suka yi ƙorafin zafin bazara. Gaisuwar ta yi tsawo fiye da kima, sai Mas'udu ya san ba lafiya ba. Can dai Abdoulaye ya ce ɗansa Rabilu, wanda ke tuƙa motar siminti a Malbaza, ya zo gida, ya biyo ta nan ya ga itatuwa, ya koma ya tara ƙannensa. Tun ranar yaran ba su bar uban ya sha fura cikin natsuwa ba.

"Ka san al'ada, Mas'udu," in ji shi, idonsa a ƙasa. "Mai aro ba ya dasa itace."

"Yaya, wallahi ko ƙwara ban dasa ba. Bari na yi. Can na iske su cikin ƙasa, tun na kakanninka."

"Ni na sani. Amma itace ba shi faɗin dasa shi anka yi ko barin shi anka yi. In ni da kai munka kwanta dama, ɗiyanka sunka nuna aduwag ga sunka ce ubansu ya rene ta, mi ɗiyana za su nuna?"

Abin da ya fi ƙona wa Mas'udu rai shi ne, mutumin ba ƙarya ya yi ba. Gonaki nawa suka sauya hannu a gaban mai gari da shaidar itace? Abdoulaye ya faɗi sharaɗinsa a hankali, kamar mai ba da haƙurin mutuwa: a sare kafin ruwan fari, aro ya ci gaba, a bar su tsaye, ya karɓi gonarsa bana. Ya miƙe, ya kaɗe riga, ya yi ta fama da babur kafin ya tashi.

Da azahar Mas'udu ya iske Raihanatu tana dama fura. Bai gama ba ta labari ba ta saki ludayi. Ta ce ashe haka ne, da wurin yana fako na Mas'udu ne, da ya yi inuwa ya tuna da mai shi! Ta lissafa itacen girkin da ta daina zuwa nema har bayan dutse, da magaryar da jikoki ke tsinta, da ganyen da ya riƙe awaki bara. Sannan ta ce ya tafi Illela wajen ma'aikatan gandun daji, ba su ne suka zo da mota suna ɗaukar zabinsa hoto suna yaba masa ba? Ai su ba za su bari a sare ba.

"Ba za su bari ba," in ji Mas'udu. "Itace ya tsira, aro ya mutu. Sai mu ci hoto."

Ta ɗauki ludayin ta ci gaba da damu. Ita ma ta san gonar gadonsa, ɗan tsiri ne da bai fi a shimfiɗa tabarmi ba, bai taɓa kai su ko bazara ba. Abin da ke cikin rumbu daga tudun nan yake fitowa. Ta tura masa ƙwarya, ya sha ba don yana jin daɗinta ba. Da ya ɗauko gatari ya zauna gaban dutsen washi, ita ce ta kawo ruwa a gwangwani ta ajiye masa, ba ta dube shi ba.

Da aduwar ya fara, don ya san in ya bar ta ƙarshe ba zai iya ba. Sara na farko zabin suka tashi fir daga gindin magarya, suka yi arewa, inda babu komai sai tsakuwa. Aduwa itace ne mai taurin kai. Ya sara, ya huta, ya dafe ƙugu, ya sake. Zufa ta cika masa ido. Ya gaji, gajiyar da ba ta gatari kaɗai ba, irin ta mutumin da ya gina ɗaki aka ce ya rushe da hannunsa in yana son ya kwana a filin. Da ta faɗi bai ko kalle ta ba, ya wuce kan kalgo.

La'asar ta yi sakaliya, rana dai ba ta sassauta ba, sai ga tarin babur. Abdoulaye ya jingine shi daidai inda ya jingine da safe, ya tako yana duba aiki. Nan Mas'udu ya bi idonsa, ya ga abin da hannunsa ya yi bai shawarce shi ba. Kowane kututture an bar shi kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, an sheme shi a karkace sumul, yadda ruwa ba zai kwanta ya ruɓar da shi ba. Saran mai reno ne. Hannun ya manta ɗaya saran.

Abdoulaye manomi ne, ba sai an karanta masa ba. Ya sa hannu a aljihu ya fito da ashana. Ya ce Rabilu ne ya ba shi, wai a tara kara a kan kowane kututture a cinna, shi ne kisan itace. Ya tsaya yana juya akwatin a hannu, yana duban kututturen aduwa, fari tas, yana tsatsar ruwa.

"Za su tofo," in ji shi.

"Allah ka tofarwa, Yaya. Ni ba ni dasawa."

Abdoulaye ya sake juya akwatin sau ɗaya. Sannan ya mai da ashanar aljihu.

"Ni dai sara nac ce."

Ya waiga yana neman inda zai zauna, ya dubi gabas, ya dubi yamma, ya ci gaba da tsayuwa. Mas'udu ya tuna shekarun da aduwar ta ɗauka kafin ta yi inuwar mutum biyu, ya tuna bayansa, ya san ba shi zai zauna a inuwar da za ta sake yi ba. Akwai sauran sabara sai gobe. Ya ajiye gatari, ya jawo kwandon taki, ya durƙusa a bakin tassar da ya bari da safe.