Gwiwar Mansur

Hantsi ne, wajen ƙarfe tara, an yi ruwa da asuba kuma hadarin bai gama wayewa ba. Iska mai ɗanshi tana tasowa daga tafkin Madarumfa, irin iskar da gwiwar Mansur ba ta so. Tun da ya farka gwiwar ta kumbura, wando ma da ƙyar ya wuce ta.

Mansur dai shekara goma sha ɗaya ya yi yana buga ƙwallo ana biyansa, takwas a Yamai, uku a ƙasar Larabawa. A can aka taka masa gwiwar dama, aka yi aiki, aikin bai kama ba. Ya dawo gida da jaka ɗaya da hotuna. Yanzu kabu-kabu yake yi, wato haya da babur, tsakanin Madarumfa da Ɗan Issa, a kan moton Hajiya Ɗelu mai shagon hatsi, kuma da shi yake ciyar da matarsa da 'ya'ya uku. Moton ba ya tashi sai an taka kik, ƙarfen tayar da inji, kik ɗin kuwa a dama yake.

Jiya Hajiya ta aiko ya kawo moton da safe. Ya san dalili. Ya faɗi da wata mata a hanyar Gabi, tumatirinta ya watse, magana ta zagaya gari.

Sai yau ya yi abin da ya saba yi kafin maci, lokacin yana ƙwallo. Ya biya wurin wani mai sayar da magani a bayan kasuwa, aka yi masa allura a gwiwar. A ƙwallo haka ake yi. Wanda ya ce wa mai horarwa yana jin ciwo, benci zai zauna, wani ya sa rigarsa, shi ke nan an manta da shi. Mansur bai taɓa cewa kowa yana jin ciwo ba, ko matarsa. Kafin ya isa shagon, ƙafar ta yi shiru kamar ba tasa ba, har ya ji daɗi.

Hajiya na zaune kan buhun gero, ga Usman ɗan wanta a tsaye, ƙato ne, bai daɗe da dawowa daga ci-rani ba.

"Ina kwana, Hajiya."

"Lahiya lau, ɗan ƙwallo. Kashe shi mana, ko man kyauta kake sha?"

Ya kashe.

"Mansur, tsakaninka da Allah, ƙafar nan lahiyarta?"

"Ƙalau take, Hajiya. Santsi ne ya kayar da mu."

"Santsi a ranar da ba a yi ruwa ba," in ji Usman, yana dariya.

"Kai, rufe mini baki." Ta juyo wurin Mansur. "To tayar da shi in gani."

Ya ɗora ƙafa. Sai da ya duba da ido kafin ya tabbata tana kan ƙarfen, don ba ya jin ta. Ya taka, moton ya yi tari ya yi shiru. Ya sake takawa. A na uku ya sa ƙarfinsa duka, aka ji wani ƙas, gwiwar ta karkace gefe. Ya tsinci kansa cikin taɓo, moton a kan cinyarsa, kuma ko ɗan zafi bai ji ba. Wannan ne ya fi ba shi tsoro.

Usman ya ɗaga moton, bai ƙara dariya ba. Hajiya ta daɗe tana kallon wandon da ya ɗame a gwiwa.

"Tun yaushe?"

"Tun bara take ƙaruwa."

"Tun bara." Ta girgiza kai. "Sau nawa na tambaye ka? Wata biyu da suka wuce ina neman wanda zai zauna mini a shago, zama kawai, awo da mudu. Kai na fara tunawa. Ka ce mini ƙafarka ta fi ta doki. Sai na ba wani Adamu aikin, ga shi can ya kwaso iyalinsa daga ƙauye. In ce masa me yanzu?"

Ta nuna moton da hannu.

"Ba zan bar ka ka kashe mini 'yar mutane a hanya ba. Ba Usman makulli. Allah ya kawo wata hanyar."

"Amin, Hajiya."

Ya miƙa makullin. Ya ja jiki ya jingina da bango, yana lissafin cewa allurar za ta sake shi kafin azahar, gida kuma da nisa.

Hajiya ta shige ciki. Usman ya hau moton ya taka kik, shiru. Ya taka har sau shida, gumi ya keto masa, ya fara zagin moton. Mansur ya hango hular buji, wato fulogi, ta zame wajen faɗuwar. Ya matso a zaune, yana jan ƙafar cikin taɓo, ya goge hular da bakin rigarsa ya danna ta.

"Taka yanzu."

Moton ya tashi. Usman ya murɗa, ya yi hanyar Ɗan Issa, bai waiwayo ba.