Agogon Malam da Kajin Gwaggo

Ran Talata ce, tsakiyar damina, a shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano. Tun asuba ake yayyafi. Zailani ya hau kekensa daga Garo zuwa Gwarzo, don mai ya yi wuya, motar haya sai wanda ya isa. A aljihunsa akwai agogon mahaifinsa marigayi Malam Najmuddeen, irin wanda ake murɗawa kullum da safe. Shi ne abin da ya faɗo masa a rabon gado, kuma wata uku ke nan tsinkensa na kan tara saura kwata.

A bakin tasha ya sami Malam Datti mai gyaran agogo cikin rumfarsa. Suka gaisa, suka tambayi gida da damina, sannan Zailani ya faɗi abin da ya kawo shi.

“A wanke, a sa mai. Amma ko ƙusa ɗaya kada a canza. Yadda Malam ya zo da shi daga Makka, haka nake son abina.”

Datti ya maƙala gilashi a ido ɗaya, ya buɗe bayan agogon.

“In sa maka injin batir mana, ka huta da murɗi.”

“Malam bai san batir ba.”

“To. Sai ka bar shi ya kwana biyu a fetur.”

Zailani ya sha jin labarin masu gyara da ke kwashe kayan cikin tsohon agogo su zuba na roba. Ya ja benci ya zauna. Datti ya riƙa zaro kayan da matsefata yana jerawa a murfin gwangwani, Zailani yana ƙirgawa a fili kamar mai karɓar awo. Guda talatin da ɗaya. Da la'asar ta yi, Zailani ya ce a juye masa su a kwalin ashana, jibi zai dawo da su.

“Ɗan Malam, ba a yawo da agogo a kwance.”

“Ba zargi ba ne.”

“Na sani. Amana ce ta yi maka yawa.”

A hanya ruwa ya kece, kwalin ya jiƙe jagab. Washegari da rana ta fito, Zailani ya tuna tsatsa. Ya ɗauko faifai, ya baza kayan a tsakar gida kamar mai shanya kuɓewa, ya shiga ɗaki neman tsumma. Da ya fito, kajin Gwaggo Altine, ƙanwar mahaifinsa, su uku suna tsaye a kan faifan.

Ya kore su, ya ƙirga. Ashirin da takwas. Babu ƙusa biyu, babu wata ƙaramar taya mai haƙora, ja kamar zinariya.

“Gwaggo, kajinki sun haɗiye gadon Malam.”

“Wacce daga ciki?”

“Abin da za mu duba ke nan.”

Gwaggo ta ga wuƙa a hannunsa, ta ajiye muciya.

“Taɓa su ka gani. Yanzu Shari'a ake. Alƙali na nan Kabo, kuma hannunka biyu kacal.”

“Gwaggo, agogon yayanki ne fa.”

“Yayana yana raye bai taɓa shanya shi ba.”

Aka yi ta ja har washegari da hantsi. Daga ƙarshe ta yarda, da sharaɗin zai yi mata noman gonar gyaɗa kwana ɗaya a kan kowace kaza. Ya yanka ta fari, ya tsaga ƙundu: tsakuwa da dawa. Ya yanka ta biyu, baƙa: tsakuwa da rabin maɓalli. A ƙundun ta ukun, mai ƙwai, ya sami tayar. Tsakuwa ta niƙe ta kwana guda, ta lanƙwashe, haƙora huɗu sun tafi. Ƙusoshin kuwa ko alamarsu.

Rabon gidan da nama tun Babbar Sallah. Ran nan aka ci kaza uku.

Ran Juma'a ya koma Gwarzo. Datti ya ɗaga tayar da matsefata, ya shinshina.

“Wannan ina ta je?”

“Tafiya ta yi.”

Datti ya jawo gwangwanin matattun agogo, ya tona, ya fito da taya irinta sak, da ƙusa biyu.

“Na wane ne?” in ji Zailani.

“Wani tsoho ne daga Kara. Ya rasu, 'ya'yan ba su dawo karɓa ba.”

“Yana da karatu?”

“Ya sauke.”

Zailani ya daɗe yana kallon tayar. Sannan ya ce a sa. Wannan karon ya bar agogon a rumfar, ya hau kekensa.

Bayan kwana biyu agogo ya tashi, yana tafiya daidai. Abin da ya salwanta: taya ɗaya ta Malam, ƙusa biyu, kaza uku, ƙwai shida da suka rasa mai kwanci, da kwana uku na Zailani a gonar gyaɗa.