Kujera ta Uku a Motar Bishara

Tun da aka gama cirar gyaɗa a gonar coci, Hansai ba ta ƙara zama wuri ɗaya ba. Ta ɗauki tsintsiya ta ajiye, ta hura wuta ta manta da ɗora tukunya, ta fita ƙofar gida ta dawo ba ta san abin da ya fitar da ita ba. Mace mai shekara hamsin da 'yan kai, shugabar zumuntar mata guda, amma ka rantse ƙaiƙayi aka zuba mata a zani.

Cocin nasu ƙarami ne, a wani ƙauye tsakanin Gaya da Kademi, gida goma sha biyu kacal. Duk da haka kowace shekara bayan kaka sai sun tura mutane aikin bishara na mako biyu, su kai magani da sabulu, su taya mai bisharar wurin aiki. Ba su da wani mai hannu da shuni a birni. Gona ɗaya ce ake yi wa gayya ranar Talata, abin da ta bayar shi ke ɗaukar matafiya. Kuma suna da ƙa'ida tun ta iyaye: ba mai neman tafiyar da bakinsa. Wani ne zai ambace ka, dattawa su yi addu'a su amince. Duk wanda ya ce "ni", to ya fitar da kansa.

Bana cikin duwatsun bayan Ningi za a je, ƙauyen da aka haifi Hansai. Yayarta Baiwa tana can, ta makance, tun damina take kwance. Shekara goma sha ɗaya rabonsu da juna, ga shi waya ba ta shiga wurin. Wani mai fataucin zuma ne ya kawo saƙo, shi ma gajere: ta zo Baiwa ta ji muryarta.

Sai kuma ruwa ya ɗauke da wuri, gyaɗa ba ta yi albarka ba. Dattawa suka ce abin da aka samu mutum biyu zai ɗauka, Dattijo Maiwada da wani malamin asibiti. Kai, ranar Hansai ko tuwo ba ta iya haɗiya ba.

Da safe ta ja jar akuyarta zuwa gidan Malam Bunu, maƙwabcinta Musulmi mai sayen dabbobi yana kaiwa kasuwa. Ya shafa cikin akuyar ya dube ta.

"Haba Hansai, ai ciki gare ta. Ki bari ta haihu mana, ki ci riba biyu."

"Malam Bunu, ba ni da lokacin jiran akuya."

Da ta faɗa masa dalili, ya ce to me ya hana ta riƙe kuɗinta ta hau mota ita kaɗai? Ta ce daga inda kwalta ta ƙare sai an yi shatar babur wuni guda, kuɗin nan ba zai kai ta ba balle ya dawo da ita. Amma idan aka haɗa da na coci, kujera ɗaya za ta ƙaru. Ta roƙe shi ya riƙe bakinsa, don in aka ji za a ce sayen kujera ta yi.

"Ni dai akuya na saya, ban ji komai ba," in ji shi, ya ƙara mata wani abu a kan ciniki.

Ran Lahadi ta naɗe kuɗin a takarda, ta rubuta "domin tafiya", ta jefa a kwandon baiko. Lissafinta a miƙe yake. Duk matan sun san halin da Baiwa ke ciki, kuma ƙawarta Hanne ba ta iya ganin abu ta yi shiru. Da an ce akwai kujera, Hanne za ta ɗaga hannu. Satin nan Hansai ta wanke zannuwanta sau biyu, ta daka kuka da daddawa ta ƙulle, ta kwance ƙullin ta sake ƙullawa. Ta je gidan Hanne har sau uku neman aron rariya alhali tana da tata, ba ta dai iya furta komai ba.

Lahadi ta zagayo. Bayan wa'azi Fasto ya miƙe fuska a sake, ya ce Allah ya taɓa zuciyar wani bawansa, kujera ta uku ta samu. Aka yi guɗa. Ya ce dattawa sun ga ya kamata mace ta je, tunda matan can ba sa sakewa da baƙi maza. Hanne ta fara gyara zama, hannunta ya kama hanyar tashi.

"Kuma don girmamawa," in ji Fasto, "mun ce ba mai zaɓar mana sai uwar mata da kanta. Mama Hansai, ke kika san 'ya'yanki. Ba mu suna."

Aka ɗauki tafi. Wayyo, girmamawar da ba a nema ba! Hansai ta miƙe. Ta dubi Hanne, Hanne ta sunkuyar da kai, hannun ya koma cinya, don wa zai katse dattawa a tsakiyar sujada? Kalma ɗaya ce a bakin Hansai, "ni", kuma ita ce kaɗai ba ta da ikon faɗa. Haushi ya turnuƙe ta, na Fasto, na Hanne, na kanta da wayonta.

"Amarya," ta ce. "Surukar Dattijo Maiwada. Ta iya karɓar haihuwa, matan can suna bukata."

Aka ce amin. Gaskiya kuma zaɓin ya yi, wannan ne ya fi ci mata rai.

Ranar tafiya, ana ɗaure kaya a saman mota, ta ja Amarya bayan coci ta miƙa mata ƙullin kuka da daddawa.

"Wayar nan taki tana ɗaukar magana?"

"Tana ɗauka, Mama."

"To danna. In kun isa ki tambayi gidan Baiwa makauniya, ki sa mata a kunne."

Amarya ta danna ta miƙa mata. Hansai, wadda ta kwana bakwai tana tsara abin da za ta faɗa wa yayarta, ta riƙe wayar da hannu biyu, komai ya gudu. Direba ya yi ham. Ta share ido da bakin mayafi, ta matso da wayar kusa da bakinta.

"Yaya, ni ce Hansai. Bana ban samu ba. Don Allah kada ki yi gaggawa, ki jira ni baɗi."