Karen Muntaka da Hannun Saude

"Ku danne mata ƙafafu!" na ce wa matan da ke ɗakin. Ina kai kofin ruwa bakin Saude ta buge shi, ta gantsare, ta daki bango da ƙeya har jini ya fito. Wuyanta na shaƙewa, yawu na zuba. Mace mai kunya irin Saude, sai ga mu mun ɗaure ta a gado da zanenta.

"Yaya Hansai, ƙishi nake ji," ta ce. "Amma ki fitar da ruwan nan, kar in gan shi."

Maƙwabciyata ce a Batsari tun muna amare, daddawa take sayarwa. Ni ban yi boko ba, sai dai na san wanda ya kashe ta. Muntaka mahauci ne, mai gidan da ke tsakaninmu.

Shi ya dawo daga wajen Ruma da kare a buhu a bayan babur. Wai a wata rugar da aka watse ya saya hannun wani, don yara su samu abin wasa, gida ya samu mai gadi. Ranar na tare shi a ƙofa.

"Kai, an yi mai allura? Ka san abin da ya ci a dajin nan? Katangarka ma a zube take, ina za ka tsare shi?"

Ya yi dariya. "Inna, ke ko kaza aka saya sai kin tambayi dangin uwarta."

Ta wannan zubabbiyar katanga karen ya shigo gidan Saude ina can, tana shanya kalwa. Ya cafke hannunta yana girgizawa, sai da na karya muciya a bayansa ya saki. Na ce a tafi asibiti. Muntaka ya ce wane asibiti, ya yanko gashin karen, ya ƙona, ya cusa tokar a ciwon, yadda ake yi tun iyaye. Ciwo ya rufe kuwa. Daga baya muka daina jin haushi, ya ce kare ya gudu.

Bayan 'yan makonni Saude ta kwanta, ta fara tsoron ruwa. Da muka kai ta Katsina, likita ya ce ciwon haukan kare ne, an makara, da tun farko ne allura ta isa. Muka dawo da ita. Ta cika da hantsi, zanen da muka ɗaure ta da shi yana hannunta.

Muna wankan gawa Lami, matar Muntaka, ta ja ni gefe tana kuka. Ashe karen bai gudu ba. Kumfa ya yi ta yi, yana cizon turke, ya yayyaga akuyarsu. Muntaka ya fasa masa kai da taɓarya, ya binne a juji, ya ce duk wadda ta buɗe baki ta tafi gidansu. Lokacin Saude da ƙafarta take yawo.

Na je wurin mai unguwa, ya ce kwana ne ya ƙare. Na sani. Amma bakin Muntaka fa, shi ma kwanansa ne ya ƙare?

Na sa aka tona jujin. Na ɗauko igiyar wuyan karen, na ratsa tabarmin maza a wurin makoki, na jefa masa a cinya.

"Faɗa musu! Gudu ya yi?"

"Inna, ki ji tsoron Allah, nan wurin..."

Na shaƙe wuyan rigarsa. "Gudu ya yi, Muntaka?"

Ba wanda ya janye ni. Ya daɗe yana kallon igiyar.

"Ya yi kumfa," ya ce. "Na gani. Kunya na ji."

Ɗan Saude, wanda ya zo daga Safana, ya miƙe, aka rirriƙe shi. Na kusa da Muntaka suka matsa, ya rage shi kaɗai a tabarma. Gobe zan koma gun mai unguwa, in ya sake ce min kwana, in wuce gaba.

Na shiga ɗakin Saude in share. Kofin na nan a gindin gado inda ya faɗi, da ɗan ruwa a gefensa. Kazarta ta shigo, ta sa baki, ta ɗaga kai sama ta haɗiye.