Farin Haske a Kan Ɗanyen Fenti

Wanda ya gina garejin fenti a bakin tafki, Allah dai ya yafe masa. Rana na faɗuwa ƙananan ƙwarin nan masu kama da sauro suke tasowa daga ruwa kamar hayaƙi. Ba sa cizo, amma in suka hango farin haske, ba mai tare su. Shi ya sa mai fenti ya cika rumfarsa da fitilu masu launin rawaya, ya kafa farar fitila ɗaya can nesa a kan sanda, su je can su ƙarata.

Yau ya makara. Sai da duhu ya fara shiga ya gama fesa shafin ƙarshe a jikin wata farar mota, kuma fentin na bukatar rabin awa kafin ya kama. Da safe manaja ya gaya masa ɓaro-ɓaro: in ya sake ɓata mota ɗaya, ya tattara kayansa. Mai shekara sittin, ina zai nufa?

Illar hasken rawaya, ba ya nuna aibi. Ya zagaya motar, ya durƙusa, ya kanne ido. A ƙofar baya ya ga kamar fenti ya zubo. Ko inuwa ce?

"Baba, bar ta haka," in ji maigadi daga bakin rumfa. "Ba ka jin su? Yau har da jikokinsu suka fito."

"Ƙiftawar ido kawai zan duba."

"Kai fa ka kafa dokar hana farin haske a rumfar nan."

Ya sani sarai, amma hannunsa ya riga ya shiga aljihu. Ya kunna fitilar wayarsa, farin haske ya sauka a kan ƙofar. Babu komai. Sumul take, bai taɓa yin aiki mai kyan wannan ba. Daɗi ya kwashe shi, ya bi gefen motar da hasken har gaba, ya manta da kansa.

"Kashe! Baba, kashe!"

Ya kashe, amma aikin gama ya gama. Ya ji su a fuska, a kunne, har cikin hanci. Da ya sunkuya, ko a hasken rawaya ana ganin su: ɗaruruwa sun manne a fentin, ƙafafunsu na motsi.

Maigadi ya matso, ya ce a hankali, "To, ya zubo ɗin?"

"Bai zubo ba," in ji mai fenti. "Dā lafiyarsa ƙalau."