Wuyan Barakatu

Ɗahiru ya zare ma'aunin zafi daga bakin matar, ya ɗaga shi ya duba har sau biyu. Lafiyarta ƙalau. Ta ma fi shi lafiya.

Yau ce ranarsa ta ƙarshe a ɗakin shan magani na Tudun Wada, inda makarantar koyon jinya ta Kano ta turo shi wata uku a bazarar 1951. Takardarsa tana aljihun Malam Mudi, tsohon malamin asibitin da ke kula da shi. In ya sa hannu, Ɗahiru ya haye. In bai sa ba, sai maimaita shekara. Malam Mudi kuwa ya ce yau shi ɗan kallo ne, ya koma kan benci yana tauna goro.

"Baiwar Allah, sake faɗa mini abin da ke damunki," in ji Ɗahiru.

Sunanta Barakatu, tun asuba ta taso daga wata ruga a bayan Burumburum. Ta ce, "Wuya ne ya sandare. Ga zazzaɓi, ga amai. Ido ba ya son haske."

Tana faɗa tana juya wuyan, ta dubi ƙofa, ta dubi kwalaben magani. Ɗahiru ya san alamun sanƙarau kamar yunwar cikinsa. Ya kuma san mai sanƙarau ba ya tako wannan nisa a ƙasa ya zo yana waige-waige.

"Sunkuyar da kai."

Ta sunkuyar, haɓa ta taɓa ƙirji. Ya rubuta a kati, da kyakkyawan rubutunsa, cewa babu ciwo. Dama an gargaɗe su a makaranta kan mutanen ƙauye masu neman allura don marmari.

"Koma gida ki huta. Na gaba!"

Ba ta motsa ba. "A ba ni ko ƙwaya ce, Malam. In an je gida a sha."

Malam Mudi ya yi magana bai ko dube ta ba. "'Ya'yanki nawa?"

"Biyu. Buba da Isa."

"Buba ne babba?"

Ta murza bakin zanenta. Can ta ce, "Akwai wata."

Malam Mudi ya miƙe ya ɗauki jakar allura. Ya tambaye ta kwatancen rugar, ya ce wa Ɗahiru ya fito da kekuna.

Sai da suka yi nisa ya ce, "'Yar fari ce ke kwance. Uwa ba ta kiran sunanta, ba ta ƙirga ta, balle ta tsaya gaban maza ta nuna tana tsoro a kanta. Sai ta ari ciwon ta ɗora wa kanta."

"Wannan ba ya cikin littafi, Malam."

"Ba ya ciki."

Kunya ta rufe Ɗahiru, don ya san al'adar sarai. Ko a unguwarsu haka ake yi. Farar riga ce kawai ta sa ya manta.

Suka tarar da yarinyar a bukka, kai ya koma baya, jiki kamar garwashi, kakarta makauniya tana yi mata fifita. Uban ya yi kudu da shanu. Ɗahiru ne ya yi allurar. Bayan la'asar ta buɗe ido ta karɓi ruwa.

A lokacin ne Barakatu ta iso, ƙafa duk ƙura. Ko kallon bukkar ba ta yi ba. Ta zuba gero a turmi ta juya musu baya ta kama daka.

"Je ka yi wa uwar bayani," in ji Malam Mudi. "Shi ne sauran jarrabawarka."

Ɗahiru ya nufe ta, ya wuce ta, ya tsaya gaban wani ɗan maraƙi da ke ɗaure kusa da turmin. Ya gyara murya ya ce wa maraƙin, "An yi wa wata allura. Ta buɗe ido, ta sha ruwa. Gobe ma zan dawo."

Taɓarya ta tsaya a sama, ta jima, sannan ta sauko.

"Gobe ka ce?" in ji Malam Mudi. "Motar Kano da sassafe take tashi, kuma sai mako mai zuwa."

"Ta sauka lafiya," in ji Ɗahiru.

Malam Mudi ya ɗora takardar a kan sirdin keke ya sa hannu, ya ninke, ya mayar aljihunsa.

"To, gobe ka karɓa a nan."